Mijin Sista Ya Sake Mutuwa

Shafi na 14

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar ku a tsaye, to ku samu wuri ku zauna. Ke kuma da kika rantse idan Sista ta yafe wa Akawu za ki bar zauren nan, ƙofa a buɗe take, amma karanta wannan tukuna.

*

Sista ba ta ko tsaya cire fararen kayan aikinta ba. Daga sashen ƙashi na asibiti ta miƙe sai bayan garejin makanikai, inda wani tsohon sito na tayoyi yake.

Wata da watanni mijinta Akawu yana dawowa gida da kumburi. Yau goshi, gobe haƙarƙari. Ya ce matattakalar ofis ce, ya ce ƙofar mota ce. Har jininsa ta ɗiba ta kai gwaji, don ta fara tsoron ko wata muguwar cuta ce ta kama shi.

Sai da safen nan wani majinyacinta, makanike mai karayar cinya, ya miƙo mata wayarsa yana dariya har da hawaye.

"Sista, don Allah kalli yadda mai tumbin nan yake mutuwa."

Ta kalla. Ashe mai tumbin nan mijinta ne. Kafin fim ɗin ya kai rabi ya mutu sau uku. Makaniken ne ya kwatanta mata inda ake ɗauka, bai san gidan wa ya cinna wa wuta ba.

Tun daga bakin ƙofar siton ta ji wata murya da ta sani.

"Kowa ya nutsu! Mai baro, ka shirya? Akshin!"

Auta ne. Ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya a bayanta, wanda kullum yake ce mata yana makarantar koyon kwamfuta.

Ta leƙa.

Auta na zaune a cikin baro, wani ƙato yana tura shi a hankali. A hannun Auta sandar goge ɗaki ce, an ɗaure waya a kanta da robar taya. Can gefe wani dattijo ya tsuguna, kabeji a gabansa, silifa a hannunsa.

Kusa da dattijon fanka ce ta tsaye tana ta kaɗawa. Sista ta ƙura mata ido. Fankarta ce. Fankar da Akawu ya ce ya kai gyara, har ta je ta yi wa mai gyaran tatas a gaban mutane, bawan Allah yana rantsuwa bai taɓa ganinta ba.

Wanda fankar take kaɗa wa mayafi kuwa, a saman tarin tayoyi, hannu a ƙugu, mijinta ne. An manna masa gashin baki har kunne. Mayafin kuma labulen falonta ne, mai zanen furanni, ƙarafunan rataye shi suna nan a jiki suna ƙara.

"Ha! Ha! Ha!" in ji Akawu. "Ka zo ramuwar malaminka, yaro?"

A ƙasa jarumin fim ɗin ne, ba riga, ya shafe jiki da mai yana sheƙi. Tsawa ake ce masa. Da safe fulawa yake kwaɓawa a gidan burodi.

"Yau ƙafata za ta yi magana da kai!"

Akawu ya sauko da kyar, yana dafa taya. Tsawa ya yi ihu, ya juya, ya kai shuri. Ƙafar ta wuce gaban fuskar Akawu da kusan kamu guda.

Akawu ya tsaya yana jira. Tsawa ma ya tsaya, ƙafa a sama. Duk suka waiwayi dattijon.

Fas! Silifa ya sauka a kan kabeji.

Sai a lokacin Akawu ya dafe ƙirji, duk da a fuska aka nufe shi. Ya yi baya taga-taga, ya duba inda katifa take, ya faɗa. Katifar 'yan biyunta ce.

Bai mutu nan take ba. Ya ɗago a kan gwiwar hannu, ya nuna sama, ya ciji ledar tumatir da ya ɓoye a kumatu. Ja ya gangaro masa har wuya. Ya shure ƙafar dama, ya shure ta hagu, ya saki jiki.

Sista ta taka har tsakiyar fili, ta tsaya a kansa.

"Tashi."

Gawa ta buɗe ido ɗaya. Ta ga farin takalmi, ta ga farar riga, ta ga fuskar da ke sama. Ta mayar da idon ta rufe.

"Baban 'yan biyu, da kai nake. Tashi."

"Ai na mutu," in ji Akawu da 'yar ƙaramar murya.

"Za ka tashi, ko sai na yi maka allurar da ke tayar da matattu?"

Ya tashi zaune. Rabin gashin bakin ya ɓalle yana lilo.

"Maman 'yan biyu, wallahi dama yau nake shirin faɗa miki."

"Wannan ce matattakalar ofis ɗin?"

Ya dubi tarin tayoyin.

"Wannan kuma ita ce ƙofar motar?" Ta nuna ƙafar Tsawa, wadda sai yanzu ya tuna ya sauke.

Auta ya zuro ƙafa daga cikin baro. "Yaya, sannu da zuwa. Ya aiki?"

"Kai kuma zan zo kanka. Wannan ce kwamfutar?"

"Ai da kwamfuta muke haɗa shi daga baya, Yaya."

"Rufe min baki!"

Ta juya kan mijinta.

"Ka san kwana nawa na yi ban yi barcin kirki ba? Na ɗebi jininka. Na je na tsaya gaban likita ina tambaya wace cuta ce ke sa mutum kumbura haka kawai. Ina shafa maka magani kana nishi, ina yi maka sannu. Ashe kai kana nan kana mutuwa a labulena!"

Akawu ya sunkuyar da kai. Tumatir ya ɗiga a kan furannin labulen.

"To da ma fim ɗin kirki ne," ta ce, "da da sauƙi."

Nan fa Auta ya ji an taɓa shi inda ke masa ciwo.

"Haba Yaya! Fim ɗin namu, Ƙafar Tsawa, shi ne ba na kirki ba? Kin kalla kuwa?"

"Na kalla, har ƙarshe. Mutumin nan ya mutu a farko, an jefa shi rijiya. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo a matsayin wani, da wata riga, amma agogon hannunsa ɗaya."

"Ƙanin na farkon ne. Gadon agogon ya ci."

"Na ukun fa?"

"Ɗan baffansu ne."

"Duk danginsu tumbi ɗaya gare su?"

Mai baro ya ƙyalƙyale da dariya, Auta ya harare shi, ya haɗiye.

"Ba mu da mutane ne, Yaya. Wanda ya iya faɗuwa ba ya samuwa a banza. Yaya Akawu baiwa gare shi."

Akawu ya ɗan ɗago kai da jin an ce baiwa. Sista ta dube shi, ya mayar.

"Sannan ka rubuta a ƙasa wai a kan dutse ne, shekara dubu da suka wuce. Malamin yana koya wa yaro faɗa, sai ga mai babur ya ratsa ta bayansu da buhun siminti."

"Mun roƙe shi ya jira, ya ƙi."

"Gawa tana kwance tana sosa ƙafa."

"Cinnaka ne," in ji Akawu. "Wallahi cinnaka ne, Maman 'yan biyu. Na daure iya daurewa."

"Mutum goma sun kewaye yaro ɗaya, amma sun yi layi kamar masu karɓar magani, kowa yana jiran a gama dukan na gabansa. Ƙarar naushi kuwa, wani lokaci tana riga naushin zuwa, wani lokaci sai an faɗi take isowa."

Dattijon mai kabeji ya gyara tsuguno. "'Yata, idona ne ba ya gani sosai daga nesa. Amma ƙarar ai tana fita."

"Tana fita, Baba. Ba da kai nake ba."

Auta ya sauko daga baron gaba ɗaya, sandar tana hannunsa.

"Yaya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ki faɗi ɗaya ɓangaren. Manyan finafinan nan da kike gani, igiya ce ke ɗaga su sama, na'ura ce ke yin dukan. Jarumin ma ba shi ke faɗuwa ba, wani ake ɗauka haya. Mu kuwa wanda kika ga ya faɗi, wallahi ya faɗi. Wanda kika ga yana gumi, gumi yake."

"Shi ya sa gadajen sashenmu ba sa zama babu kowa."

"Tsakaninki da Allah, wurin da Tsawa ya taka bango ya wuntsila ta kan mutum biyu, bai burge ki ba?"

Sista ta saci kallon Tsawa.

Gaskiyar magana, wurin ta mayar da shi baya ta sake kallo a ɗakin ajiye magunguna, ita kaɗai. Babu igiya, babu dabara. Yaron ya tashi sama kamar ba shi da ƙashi, ya dira a kan siminti tsurarsa.

"Kin yi shiru, Yaya."

"Ina tunanin yadda gwiwarsa za ta zama ne idan ya tsufa."

Tsawa ya dubi gwiwarsa.

Akawu ya miƙe tsaye a hankali. Ya cire ragowar gashin bakin, ya riƙe shi a hannu kamar wanda ya kama ɓera.

"Maman 'yan biyu, ki ba ni dama na yi magana ɗaya."

"Ina ji."

"Tun kafin a haifi yaran nan nake ofishin can. Har yau Manaja bai riƙe sunana ba. Kai mai fayil, haka yake kirana. Na shiga ba wanda ya sani, na fita ba wanda ya sani. Rannan a gidan mai, wani direban babbar mota ya leƙo ya ce, kai ne mai mutuwar nan! Ya sauko ya rungume ni. Ya ce duk ranar da matarsa ta ɓata masa rai, mutuwata yake kunnawa."

"Shi ne abin alfahari?"

"Ni dai ba a taɓa rungume ni a kan fayil ba."

Sista ta kawar da kai. Makaniken nan ne ya faɗo mata a rai. Tun da aka kawo shi asibiti fuskarsa na bango, ba ya magana, ba ya cin abinci, yana ganin ƙafarsa ta tafi ke nan. Yau da safe kuwa, bayan mijinta ya mutu karo na uku, shi da kansa ya ce a miƙo masa kwanonsa.

Ba ta faɗa ba. Ba yau za ta ba su wannan ba.

"To me ya hana ka gaya min?"

"Na san za ki hana."

"Da na hana ɗin."

"Kin gani."

"Amma da ban kwana ina kuka a kan cutar da babu ita ba. Da ban je na zagi mai gyaran fanka ba. Gobe kai za ka je ka ba shi haƙuri, a gaban mutanen da na zage shi."

"Zan je."

"Cire min labulena."

Ya kwance ya miƙa mata. Ta fara naɗewa.

Tsawa, wanda tun ɗazu yake duban rana ta ramin kwanon rufi, ya matso.

"Anti, ki yi haƙuri, hasken nan gudu yake, mu kuma ba mu da fitila. Saura mutuwa ɗaya ta rage masa. Ki ara mana mayafin, in ya mutu sai ki tafi da abinki."

"Ba mayafi ba ne, labule ne. Matsa."

"Anti, in ya canza kaya a tsakiyar faɗa masu kallo za su gane."

"Yanzu ne za su fara ganewa?"

Tsawa ya kama gefen labulen ya ja. Ba da ƙarfi ba, amma ya ja.

Abin da Tsawa bai sani ba, matar nan kullum ƙattan maza take dannewa a gado ana ɗora musu ƙashi, suna shure-shure suna kiran iyayensu. Ita ma ba ta yi shawara da kanta ba. Hannunta ne kawai ya tafi. Ta cafke wuyan hannunsa, ta danna babban yatsa a inda ta san ana dannawa, ta juya.

Fas!

A karo na farko tun da aka fara Ƙafar Tsawa, silifan Baba ya sauka a kan kabeji daidai lokacin da ya kamata.

Tsawa ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Wayyo Allah! Wayyo Innata! Anti, na tuba! Da hannun nake kwaɓa fulawa!"

Fanka tana kaɗa farar rigarta. Labule a hannunta na hagu, jarumi a hannunta na dama. Ta sake shi, ya faɗi rigingine yana hura wuyan hannun.

Sai ta ji ƙiiii, ƙiiii, ƙarar tayar baro. Ta waiga. Auta ya koma ciki tun ba ta sani ba, mai baro yana zagaya ta da shi, sanda a sama.

"Kot!" Auta ya yi ihu. Ya diro, idonsa har ya kawo ruwa. "Yaya! Yaya, kin ga abin da kika yi kuwa?"

"Ɗauka ka yi?"

"Tun shigowarki ban kashe ba."

"Goge shi."

"Ki kashe ni ya fi sauƙi. Kalli, don Allah kalli kawai."

Ya kwance wayar ya miƙo. Duk suka taru a bayanta, har Tsawa yana riƙe da hannu. Ta ce ba za ta kalla ba, amma idonta na kai.

Ga ta nan ta shigo cikin farare, ba gaggawa. Ga gawa ta buɗe ido ta rufe. Ga juyin hannun, ga ƙarar, ga jarumi a ƙasa yana kiran innarsa.

"Kai!" in ji mai baro. "Wannan ko a manyan finafinai albarka."

"Wannan ihun na gaske ne," in ji Baba. "Duk wanda yake yi a baya ƙarya ce."

Sista ta ƙara matso da wayar kusa da fuskarta.

"Me ya sa na yi ƙiba haka?"

"Daga ƙasa na ɗauko ki, Yaya. Haka ake ɗaukar bos, don ya cika ido."

"Wane bos?"

"Babban mugun fim. Wanda duk sauran suke yi wa aiki. Tun kashi na ɗaya muke cewa yana nan tafe, ba mu samu wanda ya dace ba. Yaya, ke ce. Farar Guguwa! Ba sai an saya miki kaya ba ma, ga su a jikinki."

"Allah ya kiyaye. Da aurena da 'ya'yana."

"Ni ma da aurena," in ji Akawu a hankali.

"Kai ka yi shiru."

Ta miƙa wayar, ta ɗauki labulenta, ta nufi fanka za ta zare. Ta yi taku biyu ta tsaya.

"Ita bos ɗin, mutuwa take yi a ƙarshe?"

Auta da Akawu suka haɗa ido.

"Sai yadda kika ce, Yaya."

"Tambaya kawai na yi."

Ta sunkuya za ta zare wayar fankar, sai idonta ya sauka a kan agogon hannun mijinta. Ta miƙe a hankali.

"Tsaya. Baban 'yan biyu, yau ba ranar aiki ba ce?"

Akawu ya fara neman inda zai ajiye gashin bakin da ke hannunsa.

"Da kai nake. Lokacin tashi bai yi ba, me kake yi a nan? Wa ya ba ka izini?"

"Na ɗan ɗauki hutu ne."

"Ba ka cinye hutunka tun farkon shekara ba?"

"Wannan na rashin lafiya ne."

"Wace rashin lafiyar?"

Auta ya fara ja da baya. Mai baro ya ɗauki baronsa ya koma bayan tayoyi.

"Na ce musu na faɗo daga tsani, bayana ya taɓu."

"Sai suka yarda?"

"Da farko Manaja ya ƙi. Sai na ce masa ai har an ba ni gado."

"A ina?"

Akawu ya shiga gyara bakin katifa da ƙafa.

"Baban 'yan biyu, a wane asibitin aka ba ka gado?"

"Na ga kamar zai fi kama da gaskiya ne idan na ce a sashenku. Tunda ke ce a wurin."

Labulen ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi. Ka san abin da ake yi wa nas idan aka ce da saninta aka yi ƙaryar jinya? Ka san kai ma korarka za su yi?"

"Ba wanda zai bincika, Maman 'yan biyu. Mutumin da bai san sunana ba, ina zai tuna da bayana?"

Wayarta ta fara ruri a aljihu.

Ta ciro. Abokiyar aikinta ce, wadda ta bar wa majinyata ta ce yanzu za ta dawo. Ta ɗaga, garin sauri har ta danna lasifika ba ta sani ba.

"Sista, kina ina? Ki zo yanzu-yanzu!"

"Lafiya? Wani ne ya faɗo daga gado?"

"Ina fa! Manajan ofishin mijinki ne ya zo da ma'aikata mota guda, da lemo da ayaba, wai sun zo duba shi. Mun bi gado-gado ba mu gan shi ba. Ashe mijinki na kwance a nan ba ki faɗa mana ba?"

Akawu ya koma kan katifa ya zauna daɓas.

"Ce musu... ce musu..."

"Ba zan iya ce musu komai ba, sun riga sun shiga ofishin Metiron. Ga ta nan ma ta fito, ta ce na ba ta wayar."

Aka ji ƙarar takalmi, aka ji an karɓi waya. Muryar shugabar nas-nas ta cika siton, a sanyaye, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Sista. Manaja yana tsaye a gabana, yana jin ki. A wane gado kika kwantar da mijinki?"